Sauƙin Ciniki: Abin da Littafin Lissafina Ya Faɗa Mini

Yau shekara da shekaru ke nan muna jin ana cewa Gwamnati ta tashi tsaye don ta rage wa 'yan kasuwa da masu sana'a tsada da wahalar gudanar da harkokinsu. Mun ji a rediyo, mun karanta a jarida, mun kuma ga hotunan manya suna sa hannu a kan dokoki. To, ni dai ba masanin tattalin arziki ba ne, ban kuma taɓa riƙe wani muƙami ba. Tsohon malamin firamare ne ni a nan Suleja, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa a cikin injin niƙa. Amma da yake masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai na ga ya kamata in buɗe muku littafin lissafina mu duba tare, mu ga inda sauƙin nan ya iso da kuma inda ya maƙale a hanya.

A shekarar 2017 na ajiye alli bayan shekara 35 ina koyarwa. A lokacin akwai ɗan ƙanena da ya gama karatun difloma, ya yi ta yawo da takardu a Abuja har takalminsa ya cinye, aiki bai samu ba. Muka zauna muka yi shawara, muka sayi inji biyu, ɗaya na niƙan hatsi ɗaya na markaɗe, muka kama hayar shago, muka ɗauki yara uku. Shi ke kula da inji, ni ke riƙe da littafi. Ba niƙan matan unguwa kaɗai muka nufa ba. Kowa ya san Suleja ya san yadda motoci ke yin jerin gwano tun kafin asuba, su bi ta Madalla su wuce gindin Dutsen Zuma su nufi Abuja, ɗauke da ma'aikata da 'yan tireda da kayan abinci. Muka ce mu ma bari mu riƙa niƙa masara, mu tankaɗe, mu ƙulla a leda mai tsabta, mu kai wa masu kantuna da masu dafa abinci a can.

Mai kanti na farko da muka tuntuɓa ya duba garinmu ya yaba, sa'an nan ya ce ba ya karɓar kaya sai daga wanda ke da takardar rajista da asusun banki mai sunan sana'a. Gabana ya faɗi, domin abin da na sani tun da shi ne rajista aikin masu hali ne: sai ka nemi lauya ko akanta, ka yi ta safa da marwa, ka jira makonni. Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan zamani ya wuce. Yanzu a waya ake farawa." Ashe kuwa gaskiyarsa. Muka yi sa'a kuma, a watan Oktoba na 2018 Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta rage kuɗin rajistar sunan sana'a daga Naira 10,000 zuwa Naira 5,000 na wani ɗan lokaci. Ya cike takardu ta intanet, muka biya, ba a daɗe ba takarda ta fito. Na kai wa mai gilashi ya sa mata firam, muka rataye ta a bangon shago. Ran nan na yi barci da farin ciki, ina jin mun zama cikakkun 'yan kasuwa.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in zayyana abin da aka yi, saboda da yawa daga cikinmu ba su san shi ba. A shekarar 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa wata majalisa ta musamman da ake kira PEBEC, ya ɗora Mataimakinsa, Farfesa Yemi Osinbajo, a kanta, aikinta shi ne kawar da abubuwan da ke tare wa masu ciniki hanya. A watan Mayu na 2017, sa'ad da Osinbajo ke riƙon ƙasa, ya sa hannu a kan wani umurni wanda ya tilasta wa ma'aikatun Gwamnatin Tarayya su bayyana wa jama'a a fili abin da ake bukata don samun kowane lasin ko izini, da kuɗinsa, da kwanakin da zai ɗauka. Har umurnin ya ce in wa'adi ya cika ma'aikata ba ta ce e ko a'a ba, to a ɗauka ta amince. Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin ofis yana jiran wani ya dawo daga salla ko daga taro ya san wannan magana ba ƙarama ba ce.

Ba a tsaya nan ba. Dokar Kuɗi ta 2019, wadda ta fara aiki a farkon 2020, ta yafe wa ƙananan kamfanonin da cinikinsu bai kai Naira miliyan 25 a shekara ba harajin riba, ko da yake ita ce kuma ta ɗaga harajin kayan masarufi, wato VAT, daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. A watan Agusta na 2020 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta ba mutum ɗaya tak damar kafa kamfani shi kaɗai, ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni dolen ɗaukar sakatare. A wannan shekarar, saboda annobar korona, Gwamnati ta ɗauki nauyin yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 rajista kyauta. A watan Fabrairu na 2023 kuma aka mai da yawancin abin da ke cikin umurnin 2017 ya zama doka. Sakamakon irin wannan aiki ya bayyana a ma'aunin Bankin Duniya na sauƙin ciniki, inda Nijeriya ta tashi daga ta 169 a 2016 zuwa ta 145 a 2017, ta kai ta 131 a 2019, cikin ƙasashe 190. Wannan duka gaskiya ne, ni kuma shaida ne a kan wani sashe nasa.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin rajista sau ɗaya muka biya shi, layi ɗaya ya ci a littafina. Sauran shafuffukan kuwa, waɗanda suka cika har na sake littafi sau huɗu, abubuwa ne da ake biya kullum ko kowane mako: kuɗin mota, kuɗin mai, kuɗin wuta, kuɗin tikiti, da wani kuɗi wanda ba shi da suna, wanda nake rubuta wa "na hanya". Abin ya yi kama da mutumin da aka yafe wa kuɗin shiga gida, aka bar shi da haya mai hawa kowane wata. An gyara ƙofa, wannan ba musu. Cikin ɗakin ne har yanzu ruwa ke zuba.

Bari in fara da hanya. Wata rana na ce ba zan aiki kowa ba, da kaina zan je sayen masara a wata kasuwar ƙauye ta wajen hanyar Minna, don in ga dalilin da ya sa kuɗin ɗauko buhu ke neman ya kamo ribar da ke cikinsa. Muka yi lodi muka kamo hanya, ina gaba kusa da direba, ina ƙirgawa. Sau tara aka tsayar da mu kafin mu shigo gari. Wasu wuraren na masu tsaro ne, ba na kuma jayayya da zamansu, domin kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa manoman Shiroro da Munya da Rafi da Mariga, wanda shi kansa ya ƙara wa hatsi tsada. Amma sauran, samari ne da katako mai ƙusoshi da tsohuwar ganga, wani da riga mai sheƙi, wani ko rigar ma babu. Wannan ya ce kuɗin kayan gona, wancan ya ce kuɗin sitika, na gaba ya ce sitikar da muka saya a baya ba ta aiki a yankinsa. Biyu ne kaɗai suka ba da rasit, ɗayan ma ba a iya karanta abin da ke jikinsa.

Na ce wa direban, "Kai kuwa me ya sa ba ka tambayar dalili?" Ya ce, "Baba, in na tsaya gardama sai su cire mini lamba ko su sace iskar taya, in wuni a nan. Kuma ai ba daga aljihuna yake fita ba. Yana cikin kuɗin buhun da kuke biya." Maganarsa ta zauna mini. Ni ma ba daga aljihuna yake fita ba, ina zuba shi ne a kan mudun gari, daga ƙarshe matar da ta zo da kwanonta don tuwon dare ita ke biyan saurayin nan mai katako, alhali ba ta taɓa ganinsa ba. Abin mamaki kuma, ba doka ce babu ba. Tun 1998, zamanin mulkin soja, aka kafa dokar da ta jera irin harajin da Tarayya da Jiha da Ƙaramar Hukuma kowacce za ta karɓa, ta kuma hana kowa, har da hukumar haraji kanta, kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Dokar ta yi fiye da shekara 25 a takarda, shingen yana nan a kan titi.

Wannan tafiya ta tuna mini da kakana, wanda falke ne mai jakuna. Yakan ba mu labari muna yara cewa su ma a zamaninsu ana biya. Akwai kuɗin fito a bakin kogi, akwai gaisuwar da madugu kan kai wa sarkin garin da ayari ya sauka. Amma, in ji shi, kafin a ɗaura wa jaki mangala madugu ya san adadin mashigai, ya san abin da za a ba kowane, ya kuma san abin da za a samu a madadinsa: jirgin da zai haye da kai, zangon da za ka kwana, da dogarin da zai tsare ka daga 'yan fashi. Wato kuɗi ne sananne, a kan aiki sananne, ga mutum sananne. Ɗan kasuwa bai taɓa ƙin biyan abin da ya sani ba, domin yana iya sa shi cikin lissafi tun daga gida. Abin da ke karya shi shi ne kuɗin da bai san yawansa ba, bai san mai shi ba, bai kuma san ranar da zai ƙaru ba.

Tarihin garinmu ma ya isa darasi. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wato wannan gari da daga baya ya ba Babban Birnin Tarayya sunansa, shi kuma ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Shekarun farko na yaƙi ne da tsaron kai. Sai a zamanin Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877, aka fara ciniki da Bida da Zariya. Sarkin bai raba wa kowa jari ba, hanya ya buɗe, fatake suka shigo da ƙafarsu. Turawa ma da suka zo sun kafa harajin ayari a kan hanyoyin fatauci na Arewa, amma suka soke shi a 1907. A 1979 kuma, Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a jihohinsu, talaka ya ji sauƙin a jikinsa tun a shekarar, ba sai an yi masa bayani a rediyo ba. Irin wannan sauƙi shi nake nufi, wanda mai shi ne zai ba da labarinsa da kansa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ran injin niƙa. Jihar Neja ita ce mai madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Jebba, da ta Shiroro ta 1990, ga kuma ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700 da aka kammala a 'yan shekarun nan. Saboda haka ne ake yi wa jihar kirari da cewa ita ce gidan wuta. Amma mu a shagonmu, sau da yawa wutar takan zo ne da tsakar dare, sa'ad da babu mai kawo niƙa, ta ɗauke da hantsi sa'ad da mata suka yi layi. Dole muka sayi injin dizal na tsaye. A 2022 kuɗin dizal ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A watan Afrilu na 2024 kuma aka kai kuɗin wuta Naira 225 a kan kowane ma'auni ga waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Masana suna da hujjojinsu a kan cire tallafi, ban isa in ƙaryata su ba. Abin da na sani shi ne, Naira 5,000 da aka rage mana a rajista ba ta sayen man da injinmu ke sha daga safe zuwa azahar.

Na kuma taɓa zuwa neman rance don mu sayi hatsi da kaka mu ajiye, tun da yanzu muna da takarda da asusu. Aka karɓe ni da mutunci, aka duba takardar aka ce ta yi. Da aka zo maganar jingina sai aka nemi takardar mallakar fili, wadda yawancin gidajen tsohon gari ba su da ita, ko da kuwa an gaje su tun kaka da kakanni. Da aka faɗi ruwan da zai hau kan kuɗin, sai na yi godiya na ɗauki hulata. Ban ga laifin ma'aikacin ba, domin a watan Nuwamba na 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, balle abin da bankin kasuwa zai ɗora. Wace riba ce ke cikin garin masara da za ta biya wannan? Ga kuma da yawa daga cikinmu da ba su yarda da cin bashi da ruwa ba ko da mai sauƙi ne. Haka muka koma ga adashi da bashin 'yan'uwa, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa abin da ake faɗa a sama da abin da muke gani a ƙasa suka yi hannun riga, sai na gane cewa ma'aunin ne bai zo inda muke ba. Ma'aunin Bankin Duniya, a Nijeriya duka, garuruwa biyu yake dubawa, Ikko da Kano, kuma kamfani mai cikakkiyar rajista yake aunawa, ba mai tebur ko mai inji ba. Bankin ma da kansa ya daina fitar da rahoton a watan Satumba na 2021, bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe. Alhali kuwa binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da hukumar ƙananan sana'o'i suka yi a 2017 ya nuna akwai ƙananan sana'o'i da matsakaita kimanin miliyan 41 da rabi, kusan dukkansu irin namu ne, na mutum ɗaya da yaransa. Mu ba kamfani ba ne, saboda haka yafe harajin ribar kamfani bai shafe mu ba. Mu da Jiha da Ƙaramar Hukuma muke hulɗa, da mai tikitin kasuwa, da mai duba tsabta, da mai kuɗin allon talla. Can ne nauyin yake, can ne kuma gyaran bai kai sosai ba.

Kada kuma a ce na ɗora wa hukuma laifi duka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan kasuwa muna da namu. Da yawanmu ba ma rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, saboda haka ko an tambaye mu nawa muke biya a shekara ba mu da amsa, wanda ba shi da lissafi kuwa ba shi da bakin ƙara. Muna miƙa kuɗi ba mu nemi rasit ba, har mukan fi son a yi "sulhu" a rage mana, alhali mun san kuɗin ba zai shiga baitulmali ba. Wasu ƙungiyoyinmu na kasuwa da na tasha su ma sun zama masu karɓar haraji, suna yankar tikiti kullum, ba a taɓa tara mambobi an karanta musu inda kuɗin ya tafi ba. Samarin nan na kan hanya kuma ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yanmu ne, rashin aiki ya kai su, wani babba kuma yana zaune a inuwa yana jiran kasonsa da yamma.

Da daminar 2024 abin ya kai mana iya wuya. Wata rana bayan sallar isha'i yaron ya same ni a zaure ya ce, "Baba, mu sayar da injin nan tun yana da daraja. Wahala muke yi wa masu mai da masu mota." Na ce ya ba ni kwana uku. Na zauna da littafi na bi shi layi layi, abin da ya fito kuwa bai yi mini daɗi ba. Kai gari Abuja, wanda saboda shi muka yi rajista tun farko, shi ne ke cinye mu, domin kuɗin mota da na hanya sun haɗiye ribar. Muka daina. Muka koma niƙan unguwa da 'yan masu tuwo na kusa. Da aiki ya ragu, tilas muka sallami ɗaya daga cikin yaran uku, yaro mai hankali wanda ke taimakon mahaifiyarsa da ɗan abin da yake samu. Ranar da na kira shi na gaya masa, na fi shi jin kunya. Ba a rubuta irin wannan a cikin rahoto, amma shi ne ainihin tsadar ciniki: aikin da ya kamata a samu ba a samu ba.

Ban yanke ƙauna ba, domin akwai alamar cewa na sama sun fara jin inda ke ciwo. Malam Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran haraji da aka kafa a 2023, ya faɗa a fili cewa harajin da ake karɓa bisa doka a ƙasar nan ya haura iri 60, wanda ba na doka ba kuwa ya fi haka nesa. Ran 26 ga Yuni 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsara manyansu su fara aiki daga 1 ga Janairu 2026, da niyyar haɗe haraji barkatai da sauƙaƙa wa ƙananan sana'o'i. Dokar wuta ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Niyya ce mai kyau. Amma wanda ya ga dokar 1998 ta tsufa a takarda yana da hujja in ya ce sai ya gani a ƙasa, don gani ya kori ji.

Saboda haka ga roƙona ga Gwamnatin Jiha da Ƙananan Hukumomi da masu wakiltarmu, ba kuwa roƙon kuɗi ba ne. A kafa allo a ƙofar kowace kasuwa da kowace tasha, a rubuta da Hausa da Turanci abin da mai shago da mai tebur da mai mota za su biya, da adadinsa, da wanda za a biya, duk abin da ba ya kan allon kuma ya zama haram a karɓa. A sa biyan ya zama sau ɗaya, ta banki ko ta waya, rasit ɗaya kuma ya yi aiki daga Suleja har Kontagora. A ɗauke shingen karɓar kuɗi daga kan hanya kamar yadda doka ta ce, a bar na tsaro kaɗai, a nema wa samarin abin yi. A tara masu inji da masu walda da kafintoci a unguwa guda, a ba su wuta da rana da mita mai gaskiya, za su biya da murna domin ta fi dizal araha. In kuma ana son a san ko gyara ya yi aiki, kada a tambayi baƙo. A ɗauki buhun masara ɗaya daga kasuwar Lambata zuwa Suleja, a rubuta abin da ya ci a hanya bana, a sake rubutawa baɗi. In ya ragu, an yi aiki.

Mu kuma 'yan'uwana masu sana'a, kowa ya sayi littafi ko na Naira nawa ne, ya riƙa rubutawa. Mu nemi rasit, mu ajiye shi, mu tambayi shugabannin ƙungiyoyinmu lissafi. Wanda bai yi rajista ba ya je ya yi, domin ta yi sauƙi ƙwarai, tana kuma da amfaninta. Tamu tana nan a bango, ƙurar gari ta rufe gilashin, kowace Juma'a nakan sa a goge ta. Injin bai tsaya ba, ba mu kuma sayar ba. Yaron da muka sallama yakan biyo ya gaishe ni, na kuma yi masa alkawari cewa ranar da littafin nan ya nuna za mu iya komawa kai gari Abuja, shi zan fara kira.

Allah ya ba shugabanninmu ikon cika abin da suka fara, ya sa wa kasuwanninmu albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.